Mirza Shafkat Ya Canja wa Garmaho Hannu

A gyara zama, a kashe fanka, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Mirza Shafkat Beg nan tafe: Kunnen Lahore, Sarkin Saurare, Dodon Lasifika, mutumin da in sauro ya gifta ɗakinsa zai gaya maka namiji ne ko mace, kuma daga kwatar wace unguwa ya taso. Sauran bayin Allah an ba su kunne ne don su ji kiran salla da kiran abinci. Shi nasa amana ce, ya riƙe wa birni baki ɗaya.

'Yan hassada za su ce maka tayil yake sayarwa, da kan famfo, da tukunyar banɗaki, a titin Firozpur. Ba su yi ƙarya ba, amma wannan ai sana'ar ciki ce. Shekara ashirin da biyar ya yi yana ƙwanƙwasa tayil da zobensa don ya gane mai tsaga, kuma a nan kunnen ya yi karatu har ya sauke. Da arziki ya zauna da gindinsa, Mirza ya ga bai dace baiwa irin wannan ta tsufa a banɗaki ba. Sai ya sayi garmaho.

Kada ka kawo a ranka irin na kakanni mai ƙaho. Wannan ɗan Japan ne, nauyinsa kamar dutsen niƙa, irin wanda inji ke juya farantin kai tsaye babu bel a tsakani. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye shi amfanin hakan, to ya nemi wurin zama.

"Bel ɗan aike ne, ɗan'uwa," in ji Mirza. "Inji ya gaya wa bel, bel ya gaya wa faranti. Ka taɓa ganin ɗan aiken da ya kai saƙo yadda aka ba shi? Ni ba na hulɗa da 'yan tsakiya. Ko tayil daga bakin kamfani nake ɗauko shi."

Falon gidan ya zama fadar garmaho. Mirza ya cire agogon bango, wai yana taka wa makaɗa ƙafa. Ya kori akun matarsa zuwa saman bene. Ya haramta fanka, a Lahore, a watan Yuni, lokacin da ko kare ke kokawar neman inuwar mota. Ya jera batura a bayan ɗaki don kada garmahon ya taɓa sanin an ɗauke wuta, domin a iliminsa na'urar da aka kashe jininta yakan daskare, sai ta kwana uku kafin ta dawo hayyacinta. Sannan ya karanta a wata mujalla cewa 'yan fitilun nan na jikin na'ura suna zuba ƙazanta cikin sauti. Ranar ya bi su ɗaya bayan ɗaya da baƙin salatif ya rufe musu ido, har da 'yar fitilar da ke nuna ko faranti na gudun talatin da uku ne, na manyan faya-fayai, ko arba'in da biyar, na ƙanana. A riƙe salatif ɗin nan a rai, zai dawo.

A tsakiyar falon kujera ɗaya ce tal, an zagaye ƙafafunta da alli. Nan ne sauti ke haɗuwa. Baƙi suna iya rakuɓewa a gefe su kwashi ragowa.

Faifai ɗari takwas ne a kantarsa, kuma babu wanda ya taɓa ji har ƙarshe. Waƙa ai ta direbobin riksha ce, keken hayar nan mai ƙafa uku, da masu aski. Shi sauti yake ji. Zai ɗora faifai, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama, bayan minti biyu ya ɗage allura ya ce, "Ƙasan ya yi laushi, saman kuma da ɗan yashi." Ka kuskura ka tambaye shi me mawaƙin yake cewa, zai dube ka kamar ka tambayi mahauci sunan saniya.

Ana nan sai Haji Maksud ya rasu. Shi ne shugaban Majalisar Masu Saurare, wato dattawa goma sha biyu da ke haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar a gidan ɗayansu, su ci, su sha shayi, su ji faifai, su tsine wa waƙar cikin waya. Alamar shugabancin ba rawani ba ce, ba sanda ba. Wani ɗan burushin karan-miski ne na share ƙurar faifai, duk ya sanƙo don tsufa, kuma shugaba kaɗai ke da ikon share faifan farko da shi. Shekara shida Mirza yana kallon burushin nan yadda mage ke kallon kifin da aka rataye. Ba a yi sadakar ukun Haji ba ya sa aka buga masa kati ɗari biyar, sunansa da ruwan zinariya, a ƙasa an rubuta Shugaba. Ya ɓoye su a aljihun tebur don tawali'u.

Al'adar majalisar kuwa ba ta da ƙuri'a. Duk mai nema zai karɓi baƙuncin 'yan majalisa a gidansa, a ɗora faifai iri ɗaya, a gayyato wani tsohon makaɗi ya zauna ya saurara. Wanda tsohon ya miƙa wa burushi, shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Masu nema biyu ne: Mirza, da Dakta Suhail Dar, likitan yara, mutum mai sanyin magana da ke da garmaho irin na Mirza sak, wanda tun da ya saya bai canja masa ko kusa guda ba. Aka zaɓi faifan Bibi Tajwar, wadda muryarta ta cika gidan rediyo shekara hamsin da suka wuce. Sai wani ya gano ashe tana nan da ranta, a wani tsohon bene bayan Ƙofar Bati, ta haura tamanin. Majalisa ta ce to ai ga mai kaya, ita za ta yi alƙalanci.

Mirza ya zauna cikin da'irar allinsa ya yi tunani irin na manya. Garmaho iri ɗaya, faifai iri ɗaya. Da me za a fi likita? Sai idonsa ya faɗa kan hannun garmahon, wato sandar nan da ke riƙe allura ta bi layin faifai. Na kamfani ne, mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Nan take aka yi masa buɗi.

"Inji, injiniya ke yin sa," ya sanar wa yaran kantinsa, da wani bawan Allah da ya shigo sayen kan famfo. "Amma hannu, akawun kamfani ke zaɓar shi, mai arha. Ka ga zaki an ɗaura masa hannun kuturu. Duk abin da mawaƙi ya zuba a faifai, ta hannun nan zai bi. In bututu ya yi tsatsa, me ruwa zai yi?"

Mai sayen kan famfo ya ce shi dai inci rabi yake so.

Sabon hannun ya iso daga Turai cikin akwatin katako, da takardar shaida mai hatimi, da farar safar hannu. Abin da aka biya zai sayi ƙaramar mota, har a zuba mata mai. Baƙi ne, siriri, miƙaƙƙe kamar ƙafar zalɓe, wayar cikinsa ta azurfa ce, ba ta kai gashin kai kauri ba. Kwana uku yana hutawa a kan teburin cin abinci don ya saba da iskar Lahore, iyalin gidan suna cin burodinsu a ƙasa.

Wanda zai ɗaura shi Ustad Inayat ne na titin Hall, tsohon da ya shekara arba'in yana cikin hanjin rediyo da garmaho, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Ya zo a babur da jakar kayan aiki. Ya ɗaga tsohon hannun da yatsa, ya sake shi, ya ga yadda ya yi lilo.

"Sahab, wannan fa lafiyarsa ƙalau."

"Jaki ma lafiyarsa ƙalau, Ustad, amma ba a zuwa sukuwa da shi. Cire."

Ustad ya cire. Rabin yini ya yi a durƙushe. Ya yanka sabon allon da hannun zai zauna, ya huda, ya auna nisa da wata takarda mai zane-zane, ya ɗora allura a kan ɗan sikeli irin na maƙeran zinariya, ya murza nauyin da ke bayan hannun gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya zauna daidai. Mirza yana tsaye a kansa yana taimakawa da baki. Ya gaya masa kusa tana da gefen da ta fi son a fara murza ta. Ya gaya masa kada ya yi numfashi ta wajen wayar azurfa.

Da aiki ya ƙare, Ustad ya zaro wani ƙaramin faifai da yake yawo da shi a jaka don gwaji. Ƙaramin faifai gudun arba'in da biyar yake so, don haka ya danna maɓallin arba'in da biyar. Kiɗa ya fito tas, dama da hagu. Ustad ya gyaɗa kai, ya cire faifansa, ya miƙa yatsa zai mayar da maɓalli inda ya same shi. Sai ya ji farar safa ta cafke masa wuyan hannu.

"Daga wannan minti," in ji Mirza, "babu fatar ɗan Adam da za ta sake taɓa na'urar nan."

"Sahab, ai maɓallin gudu ne..."

"Ustad, kai ka san waya, ni na san sauti. Kowa ya tsaya a gonarsa. Ga shayinka can a baranda."

Ustad ya dubi maɓallin, ya dubi baƙin salatif ɗin da ya rufe fitilarsa, ya dubi Mirza. Ya ɗauki jakarsa. Wanda ya ƙi ji, ai ba zai ƙi gani ba.

Kada ka zaci Mirza ya ruga ya saurara kamar ɗan koyo. Sabon hannu ɗanye ne. Sai an yi masa horo na awa ɗari, wuta ta bi ta cikin azurfar ta san hanya, kuma haramun ne a ji shi kafin ya nuna, kada ya ɓata wa kunne tarbiyya. Don haka ya samo wani tsohon faifai da ba ya so, ya kashe lasifika, ya zauna yana kallon allura tana tafiya shiru. Ta kai ƙarshe ya ɗaga ya mayar farko. Kwana goma sha biyu bai leƙa kanti ba. A nan ne ya lura da wata karama: faifan da a da yakan ɗauki minti ashirin, yanzu cikin sha biyar ya kammala. Ya rubuta a ɗan littafinsa: "Sabon hannu ba ya jan ƙafa."

Sau biyu Ustad Inayat ya kira shi a waya. Mirza ya ga sunan, ya yi murmushi. Talaka dai da son a gayyace shi walima. Bai ɗauka ba.

Lahadin farko ta likita ce. Mirza ya je, don ba shi da ƙyashi, amma sai da ya cusa auduga a kunnuwansa biyu tun daga mota, kada ƙazamin sauti ya gurɓata masa su mako guda kafin babbar rana. Ya zauna yana kallon bakin mutane na motsi, yana kallon tsohuwar da aka zaunar a gaba ta sunkuyar da kai. Hankalinsa yana bayan kanta, inda ya hango wayar lasifikan likita irin ta fitilar tebur ce. Tausayi ya kama shi. Ya ci samosa huɗu don ya ƙarfafa wa mai gida gwiwa.

Ranar Asabar da hantsi awa ɗari ta cika. Mirza ya yi wanka, ya sa safa, ya ɗora faifan Bibi Tajwar, ya shiga da'irar alli, ya kunna lasifika.

Abin da ya fito bai taɓa jin irinsa ba. Ya san muryar matar nan a tsohon hannu, mai kauri, mai nauyi, kamar ta namiji. Yanzu ga ta siririya, tana walƙiya, tana tsalle kamar ɗan akuya. Gangunan tabla da a da suke tafiyar raƙumi, yanzu sun samu ƙafa. Tsigar jikinsa ta tashi. Ashe shekara hamsin duniya na jin matar nan ta cikin bargo, sai yau Allah ya kawo mai yaye mata.

Matarsa Farhat ta tsaya a bakin ƙofa da shayi, bayan ta tuɓe awarwaronta kamar yadda doka ta tanada.

"Baban Sumbul, wai wannan ba Bibi Tajwar ba ce? Mahaifiyata kan ji ta a rediyo tana tsintar shinkafa. Me ya same ta take sauri haka, kamar ta bar madara a wuta?"

"Ba sauri ba ne, Farhat. Kuzari ne. Hannun ne ya saki abin da aka ɗaure."

"Ni dai na san muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa."

"Tsohon hannu ne ya jefa ta rijiyar. Ni na ciro ta."

"To, sannu da aikin ceto. Shinkafar biryani ta mutum nawa za a ɗora?"

Mirza ya yafe mata. Mace ce da ta girma da rediyo mai batir, ba a ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Lahadi ta zo da zafin da ke narkar da kwalta. 'Yan majalisa suka ci biryani har suka kwance ɗamara, suka bi da zazzaƙar shinkafa mai madara, sannan aka shigar da su falo ba takalmi, ba agogo, ba makulli a aljihu. Can sai ga riksha ta sauke Bibi Tajwar. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa cikin farin mayafi, sanda a hannu ɗaya, gwangwanin ganyen taunawarta a ɗaya, leɓenta ja wur. Ta yi sallama, muryar ta fito daga can ƙasa, har gilashin kanta ya amsa. Mirza ya girgiza kai a ransa. Allah sarki tsufa, dubi yadda ya mayar da azurfa baƙin ƙarfe. Bari ta ji yadda take a da.

Ya yi abin da bai taɓa yi wa mahaluki ba: ya ba ta kujerar cikin alli. Ya roƙe ta ta ɗan matsa hagu yatsa biyu, ta ɗaga haɓa, kada ta jingina. Aka ɗora mata burushin marigayi a cinya. Ta buɗe gwangwaninta, ta naɗe ganye, ta jefa a baki. Mirza ya tsaya kusa da garmaho, ya haɗa farar safa da farar safa, ya yi gyaran murya.

"Bibi Ji, dattawan majalisa, da kai ma Dakta Sahab. Makon jiya kun ji wannan faifai, kuma ba zan ce komai ba, domin gidan mutum gidansa ne. Yau za ku ji bambanci. Wanda kunnensa ya saba da laka, in aka ba shi ruwan sama zai ce salam ne. Don haka in wani ya ji abin ya zo masa baƙo, kada ya ji kunya, ba laifinsa ba ne, tarbiyya ce. Mai kunne zai gane nan take. Marar kunne ya yi haƙuri, ya dubi fuskar mai kunne ya koya. Wannan hannu da kuke gani, mutum bakwai ne suke da shi a nahiyar nan, shida daga cikinsu ba su san abin da suka saya ba."

Ya sauke allura.

Gogen sarangi ya fara, yana kuka siriri kamar sauro ya samu kunnen mai barci. Tabla ta shigo da gudu kamar riksha ta hango ɗan sanda. Sai murya ta biyo su tana haki, 'yar yarinya shar, ta kama baitin farko ta wurgar, ta cafko na biyu.

Wani dattijo mai kantin yadi ya buɗe ido, ya buɗe baki. Ya dubi na kusa da shi, ya ga ya lumshe ido. Ya tuna an ce marar kunne ne zai ji abin baƙo. Ya tuna kuma biryani. Ya rufe baki, ya rufe ido, ya shiga gyaɗa kai. Na kusa da shi, wanda dama satar kallonsa yake yi, ya ga an gyaɗa, shi ma ya gyaɗa. Kafin minti uku falon ya zama taron ƙadangaru, gumi na zuba, kai na sama da ƙasa. Wani tsohon lauya har ya yi raɗa, "Tabarakalla, ji haske!" Dakta Suhail kaɗai bai gyaɗa ba. Ya dubi farantin da ke juyawa, ya dubi baƙin salatif, ya sunkuya yana nazarin yatsun ƙafarsa, kafaɗunsa na rawa. Mirza ya hango shi. Ya san hassada in ya gan ta.

Dokar majalisa ita ce ba a magana faifai na juyawa. Amma doka ai don talakawan kunne aka yi ta. Mirza ya riƙa zagayawa a kan yatsun ƙafa yana raba ilimi a raɗe. "Kun ji iska tsakanin goge da murya? Kun ji inda ta haɗiye yawu? Wannan azurfa ce ke magana." Sau biyu hannunsa ya yi ƙaiƙayin ɗage allura kamar yadda ya saba, ya tuna yau dole a kai ƙarshe, ya daure.

Ba a daɗe ba kuwa aka kai. Allura ta shiga layin ƙarshe tana ƙas, ƙas, ƙas. Mirza ya ɗage ta, ya zo gaban tsohuwa ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, daidai inda burushi zai fi sauƙin isowa.

"Bibi Ji, don Allah ki faɗa wa majalisa. Kin taɓa jin wannan murya haka?"

Bibi Tajwar ta juya ganyen da ke bakinta daga wannan kunci zuwa wancan. Ko rabi ba ta ci ba.

"Ban taɓa ba," ta ce. "Wace ce yarinyar?"

Aka yi 'yar dariya ta ladabi. Mirza ya fi kowa.

"Ke ce, Bibi Ji! Ke ce da kanki, yadda Allah ya yi ki, kafin hannayen banza su..."

"Ni ban san ta ba. Amma in kun gan ta ku ce ta rage sauri, babu mai korarta."

Ta dafa sanda ta miƙe. Ta taka layin alli, ta goge shi da tafin ƙafa ba ta ko sani ba, ta nufi garmaho. Mirza ya ga yatsa mai jan ganye yana tunkarar na'urar da ya rantse fata ba za ta taɓa ba, ya buɗe baki, amma wa zai cafke wa alƙali hannu? Tsohuwa ta shafa gefen farantin kamar mai neman allura a tabarma. Shekara hamsin tana da irin wannan a ɗakinta, ba ta buƙatar tabarau. Farcenta ya ci karo da salatif. Ta ɓanɓare shi, ta manna a gefen lasifika.

'Yar fitila ta buɗe ido bayan wata da watanni a kurkuku. Tana zaune daram a kan arba'in da biyar, kuma mutum goma sha ɗaya suka karanta lambar tare.

Bibi ta danna ɗaya maɓallin. Faranti ya ja numfashi, ya koma tafiyar mutunci.

"Mayar da allurar, ɗana."

Ya mayar. Ya koma gefe ya tsaya.

Goge ya shigo a hankali, kamar mai shiga ɗakin marar lafiya. Tabla ta jira shi. Sannan murya ta taso daga can ƙasan rijiyar da Farhat ta faɗa, mai kauri, mai nauyi, ta cika falon har ƙarƙashin kujeru. Ita ce dai muryar da ta yi sallama ɗazu, ba ta je ko'ina ba. Tsohuwa ba ta koma cikin alli ba. Ta zauna a bakin kujerar da ta samu kusa da ƙofa, inda a ilimin Mirza babu sautin kirki, ta karkata kai wajen gogen.

"Mijina ne mai gogen nan," ta ce, ba da kowa take ba. "Ba ya son a hanzarta shi. Ko abinci."

Babu wanda ya gyaɗa kai yanzu. Mai kantin yadi ya miƙa hannu ya kunna fanka, ba wanda ya hana shi. Farhat ta zo bakin ƙofa da awarwaronta a hannu ta tsaya. Mirza yana nan a tsaye kamar an dasa shi, ba damar ɗage allura, ba damar sharhi, don haka a karo na farko a rayuwarsa waƙa ta same shi ba shiri. Ashe magana ake yi a ciki. Wata mace ce ke gaya wa hankakan da ya sauka a katangarta cewa ya daina yi mata albishir ɗin baƙo, ta gaji da share tsakar gida. Minti ashirin cif aka yi. Ya ji kowane ɗaya a gadon bayansa.

Da aka gama, Bibi Tajwar ta goge gefen idonta da bakin mayafi, ta rufe gwangwaninta. Ta ga burushi a hannunta kamar ta manta da shi, ta miƙa wa Dakta Suhail yadda ake miƙa wa mutum takalminsa. Ta ce a nemo mata riksha.

Da wani ne, da ya nutse a wurin. Amma ba a banza ake zama Kunnen Lahore ba. Mirza ya tuna kati ɗari biyar da ke cikin aljihun tebur, ya tattara abin da ya rage masa na murya, ya sha gabanta a bakin ƙofa.

"Bibi Ji, wannan ɗan kuskuren makaniki ne, zan yi maganinsa. Amma ko a zagaye na biyu, ai kin ji aikin hannun. Zurfin nan, faɗin nan. Ki faɗi gaskiya saboda Allah, me kika gani game da hannun?"

Ta tsaya tana neman takalminta da ƙafa. Ta waiwaya ta dubi ƙafar zalɓen da ke kwance a kan garmaho, ta dubi Mirza daga safa har hula.

"Hannun ba shi da laifi, ɗana," ta ce. "In ka ji inda ake sayar da kunne, ka sayi biyu."